Jita mai doro da tsirkiyar nailan: a rage mata katako

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in ja hankalin kafintoci da masu gyaran kayan kiɗa da ke sha'awar ƙera jita mai doro, wato wadda ake sassaƙa fuskarta da bayanta su tashi kamar na biyolin, sannan a ɗaura mata tsirkiyar nailan. Aikin yana yiwuwa, amma akwai inda yake lalacewa kusan kullum.

Jita mai doro a Amurka ta girma, daga hannun Orville Gibson a Kalamazoo wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma don tsirkiyar ƙarfe aka yi ta. Ita kuwa ta nailan tana bin tsarin Antonio de Torres na Sifaniya, wanda ya rasu a 1892: fuska shimfiɗaɗɗiya mai kaurin milimita 2 zuwa 2.5, an manne jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa, a kanta. A mai doro ba a manne jaki. Tsirkiya ce ke danne shi, kamar yadda jakin goge ke zaune a kan fata. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna ja da ƙarfin kilo 70 zuwa 80, na nailan kuwa kusan 40 ne. Duk wanda ya kwafi ma'aunin ta ƙarfe, ya bar fuska mai kaurin milimita 5 ko 6, zai samu jita kyakkyawa wadda muryarta ba ta fita ɗaki, domin nailan ba shi da ƙarfin girgiza wannan katako.

Don yin fuskar, a haɗa falle biyu da aka tsaga daga gungume ɗaya, a fara sassaƙa doron ta waje. Kada ya yi tsayi, milimita 15 zuwa 18 ya isa. Sai a juya, a huda ramuka a ciki da zurfin da aka auna, a kwashe katako har ramukan su ɓace. A bar kamar milimita 3.5 zuwa 4 ƙarƙashin jaki, ya riƙa sirancewa zuwa 2.5 kusa da gefe. Wannan kwarin na gefe shi ke sakin fuska ta motsa, don haka a ga nawa kada a gama shi sai an ɗaura tsirkiya: a kankare kaɗan, a kaɗa, a saurara, a sake. In aka wuce gona da iri fuska za ta lotsa ƙarƙashin jaki, kuma ba ta da magani. Sandunan da ke tallafe ta ta ciki su zama siriri, biyu a gicciye.

Tsawon tsirkiya milimita 650 ne, tsakiyarsa 325. A ja jakin baya da kusan milimita 2, in ba haka ba sautukan sama za su zarce. Tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuyan jita a tsakiyar nan ta kai milimita 4 ga mai kauri, 3 ga siririya, saboda nailan yana lilo da faɗi.

Fuska dai sai katakon sifurus (spruce), itace marar nauyi na ƙasashen sanyi, wanda daga waje ake kawo shi. Baya, gefe da wuya kuwa maɗaci busasshe yana yi, ko da yake ya fi nauyi.

Babban abokin gabanmu a nan Arewa hunturu ne. Maƙera jita suna aiki a laimar iska ta kashi 45 zuwa 50 cikin 100, mu kuwa a Kano ko Damagaram tana faɗowa ƙasa da 20 da rani, ta haura 70 da damina. Jitar da aka haɗa a Agusta takan tsage a Janairu, yawanci daga bakin ramukan sauti ko a haɗin tsakiya, saboda katako ya tsuke alhali gefuna sun riƙe shi. A haɗa akwatin da rani. Kumburin damina ya fi sauƙin ɗauka. Mai amfani da gam ɗin da ake yi da fatar dabba ya dafa shi a zafin digiri 60, ya ɗumama katakon tukuna, don sanyin safiya na daskarar da shi kafin a matse. Fenti kuma ya zama shalak (shellac, wani ƙaro da ake shafa wa katako) shafi-shafi, ba mai kauri irin na mota ba, wanda ke toshe muryar da aka sha wahalar sassaƙowa.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano