Uwata, ga amsar cokali nawa

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da mutanen gidan duka. Ya sanyin Agadas? Mu nan Katsina hunturu ya fara sauƙi.

Saƙonninki na murya sun iso, ƙanwarki ta kunna mini su duka. Uku daga ciki tambaya ɗaya ce: daddawa cokali nawa, kanwa cokali nawa, minti nawa. Na yi dariya har Malam ya leƙo daga zaure. Shekara 31 ina tuƙa tuwo a gidan nan, ban taɓa auna daddawa da cokali ba. In na faɗa miki lamba na yi miki ƙarya, domin daddawar da aka yi wannan makon da wadda ta yi wata uku a rataye ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ta kalwa daban, ta batso daban.

Abin da zan iya ba ki shi ne abin da Inna, mai sunanki, ta ba ni. Ta kan zaunar da ni a bakin murhu ta ce in rufe ido. Albasa in ta shiga mai, da fari tana da wani wari mai yaji da ke hawa ido, sai ya kwanta ya koma zaƙi-zaƙi. To a nan ake zuba jajjage, kafin ta yi duhu. Jajjagen kuma tun yana ɗanye hanci na jin tsamin tumatir, ƙarar tukunya na ɓal-ɓal kamar ruwa. In ya soyu ƙarar ta kan canza ta koma siririya, mai ya taso sama ja, tsamin ya tafi. Daddawa ita ce ta fi kowa faɗin gaskiya. Muddin tana warin da kika ji lokacin da kika kwance ta, ba ta dahu ba. Sai ta daina wari ta fara ƙamshi, har maƙwabta su san yau miyar kuka ce, sannan ki kaɗa kukar. Kanwa kuwa in ta yi yawa za ki ji miya na warin sabulu, kuma babu gyara. Na zubar da tukunya guda ta kuɓewa a satin farko na aurena saboda haka, na ɓuya a bayan rumbu ina kuka.

Abu ɗaya ne hanci ba zai yi miki ba. Hanci bai san daɗin gishiri ba, wannan aikin harshe ne da yatsu. Ki lura da ɗibar yatsunki uku, nawa ke isar tukunyarki, tun yanzu kafin azumi ya zo, lokacin da malamai suka karhanta ɗanɗanawa. Kuma in gishirin Bilma ne suke amfani da shi a gidan, wanda ayarin raƙuma ke kawowa, kada ki ɗauka ɗaya yake da na leda da kika saba. Fara da kaɗan.

Sai maganar shayi, wadda ta fi damuna. Kin ce in an miƙo miki ɗan kofin nan kina karɓa ki ajiye a gefen tabarma, wai ɗaci kamar maɗaci. Uwata, ana gani. Mutanen Abzin shayi ne goronsu. Yadda ba za ki mayar wa baƙo goron da ya miƙo miki a gidan suna ba, haka nan. Ganyen kore ne, daga ƙasar Sin ake kawo shi, ana dafa shi a ƙaramar buta kan gawayi, a yi ta juyawa daga sama har kumfa ta tashi, kuma sau uku ake sha daga ganye ɗaya. Na farkon ne mai ɗacin. Na biyu ya fi laushi, na uku kusan ruwan sukari ne. Ke kin tsaya a ƙofa kin yanke wa gida hukunci.

Ni ma na ƙi goro har na haifi yayanki. Kakarki ta wajen uba ce ta dinga ɓantaro mini ɗan ƙarami bayan la'asar, ina taunawa don kunya kawai. Wata rana na kurɓi ruwan randa a kansa, sai na ji ruwan ya yi zaƙi kamar an sa zuma. Tun ranar na gane abin da kakanninmu suka bi har Gwanja da jakuna suna nema. Haka na yi da gahawa a Madina, wadda ba a sa mata sukari, sai dai a haɗa da dabino. Kofin farko na yamutsa fuska, kafin mu taso ni ke miƙa hannu. Ɗata da miyar shuwaka da kike ci yanzu har da neman ƙari, kin manta yadda kike tofar da su kina 'yar shekara shida?

Ki karɓa ki kurɓa kaɗan-kaɗan, da ɗan cuku ko gyaɗa a baki, kada ki sha da yunwa. Bayan magariba ki sha na ukun kawai, don abin da ke hana barci a goro shi ne a shayin. Jiƙon saiwoyi da ɓawon itace kuwa, wannan ba na ladabi ba ne. In kin ga alamar wani abu a jikinki, kin gane nufina, kada ki sha kowane jiƙo sai kin je awo kin tambaya, ko wa ya ba ki.

Na ba direban da ke zuwa Maraɗi ƙullin daddawa da kuka da yajin da na daka, zai miƙa wa kawunki ya tura. Daddawar sabuwa ce, ki shanya ta kwana biyu kafin ki adana. Ki gaida surukarki da kyau, ki roƙe ta ta koya miki yadda take tayar da kumfar nan. Malam na gaishe ku.

Mahaifiyarki.