Rahoton Ayyukan Ƙungiyarmu ta Tattaki na Shekarar 2024

Assalamu alaikum iyayenmu, yayye da ƙanne. Shugaba ya ce in rubuto rahoton bana in tura kowa ya karanta kafin taron ƙarshen shekara, dan kar a je can ana ta maimaita magana ɗaya har shayi ya huce.

Kamar yadda muka yanke bara, bana wuri ɗaya muka sa a gaba, wato tafkin Brainard da ke cikin gandun dajin gwamnatin tarayya na Roosevelt, sama da ɗan garin nan Ward a jihar Colorado ta Amurka. Daga Denver tafiyar awa ɗaya da rabi ce in hanya ta yi kyau. Tafkin yana sama da mita 3,100 daga matakin teku, mu kuma a Denver muna mita 1,600, kun ga kusan ninki biyu kenan, shi ya sa har samarin da ke cika baki da zuwa jim muka ga suna haki kafin a yi nisa. Wanda kansa ya fara ciwo ko jiri ya kama shi ba ragwanci ba ne, iska ce ta yi ƙaranci, ya zauna ya sha ruwa, in bai sake shi ba a sauko da shi kawai.

Fitar farko mun yi ta ne bayan Babbar Sallah, wadda ta faɗo 16 ga Yuni, lokacin ba a daɗe da buɗe titin shiga ba dan ƙanƙara ke rufe shi tun kaka. Mun zaga Long Lake, wani tafki da ke gaba da Brainard kaɗan, a inuwar bishiyoyi har lokacin ƙanƙara na nan jibge, masu silifas da takalmin ofis sun ji a jikinsu. A nan ne yara suka fara ganin mus ido da ido, ƙatuwar dabbar nan da ta fi doki tsayi, tana tsaye cikin ruwa tana cizgar ganye ko kallo ba mu ishe ta ba. Dan Allah iyaye a ja wa yara kunne, ba a matsawa kusa da ita dan ɗaukar hoto, musamman in tana da ɗa.

Toh yanzu ga inda gizo ke saƙa, kuma gara in faɗa ƙarara. Matsalarmu bana ba kuɗi ba ce, ba mota ba ce, makara ce. Wurin nan ba a shiga da mota sai da tikitin lokaci da ake saya a shafin intanet na Recreation.gov, kuma fakin na Long Lake daban yake da na Brainard, in lokacinka ya wuce shikenan, ga shi babu sabis a sama balle ka ce za ka sayi wani a bakin get. A ce an yi alƙawarin tashi bayan Asuba amma ƙarfe takwas ana jiran wani yana soya ƙwai, wallahi wannan ba adalci ba ne ga waɗanda suka yi sammako da yaransu. Kuma ba tikiti kaɗai ba, a Yuli da Agusta hadari da tsawa kan taso da rana tsaka a duwatsun nan, dole mutum ya baro sama kafin azahar. Ranar da muka nufi tafkin Isabelle, kusan kilomita 7 zuwa da dawowa, rukunin farko sun isa sun ci sun yi hotuna, rukunin da suka makara ƙanƙarar sama ce ta koro su daga rabin hanya.

Sannan Isabelle tana cikin yankin Indian Peaks, wanda aka keɓe tun 1978, kuma doka ba ta yarda rukuni ya wuce mutum 12 ba. Mu kuma alhamdulillahi mun yi yawa, dan haka rabuwa rukuni-rukuni ta zama dole, ba wariya ake nuna wa kowa ba kamar yadda wasu suka ɗauka.

Gashin tsiren da aka shirya a Agusta bai yiwu ba, gobarar Alexander Mountain ta tashi kusa da garin Loveland a ƙarshen Yuli aka hana kunna wuta a daji. Iyayenmu mata ne suka fitar da mu kunya da dambun nama da cincin da filas-filas na shayi, Allah ya saka da alheri. Sallah kuwa mun yi ta a bakin ruwa, sai dai alwala da ruwan da ya narko daga ƙanƙara sai mai ƙarfin hali, mu riƙa tafiya da ruwan ɗumi a filas. Shara duk mun kwaso kayanmu, har da ta wasu.

Waɗanda suka koma Isabelle a Satumba suka dawo suna cewa tafkin ya ƙafe, ba fari ba ne, kamfanin ban ruwa na manoman da ke ƙasan duwatsun ne ke janye ruwan a ƙarshen bazara. Baɗi a Yuli za mu sa ta.

Bayanin kuɗi ma'aji za ta karanto da kanta a taro, masu bashin kuɗin wata sun san kansu. Muna neman mutum biyu da za su ɗauki nauyin sayen tikiti da zarar an buɗe, da kuma masu manyan motoci su ba da sunansu wurin mataimakin shugaba kafin ranar taron.

Sakataren ƙungiya