Wasiƙa ga Iyaye: Aikin Tsuntsaye da Maganar Danƙo

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara. Da fatan an shiga hunturu lafiya.

Aikin tsuntsayen nan na 'yan SS2 ne ya sa na ɗauki biro. Malamarmu ta ilimin halittu, Allah ya saka mata da alheri, cewa ta yi kowa ya lura da tsuntsayen unguwarsu, ya zana baki da ƙafa da fiffike. Ba ta ce a kawo gawa ba. Sai ga kurciyoyi a jakar littafi, har wani yaro na cewa mahaifinsa ne ya sayo masa danƙon. Haba Alhaji! Daga yau duk danƙon da ya shigo makaranta a ofishina zai tsufa.

Masu cewa wasa ake yi da lokacin yara, ku saurara. Jiminarmu takan haura kilo 100, alhali a Kuba akwai ɗan tsuntsu mai shan ruwan fure da bai fi giram 2 ba. Abin da Malama ke so su gano shi ne siffa tana bin wuri. Tun 1847 masani Bajamushe Carl Bergmann ya lura cewa tsuntsaye da dabbobin ƙasashen sanyi sun fi 'yan'uwansu girman jiki, don su riƙe ɗumi. A 1877 wani masanin, Joel Allen, ya ƙara da cewa a ƙasar zafi baki da ƙafa sun fi tsawo, domin ta nan zafin jiki ke fita. Ku dubi bakin cilakowa. Tsattsewar da ke ƙetaro Sahara daga Turai fiffikenta dogo ne mai tsini, amma a dajin Amazon akwai masu gajeren fiffike da ko babban kogi ba sa tsallakewa. A 2022 masana sun fitar da kundin AVONET, mai awon tsuntsaye sama da 90,000 daga nau'i kusan 11,000, yawanci waɗanda aka daɗe da adanawa a gidajen tarihi.

Bincike ya kuma nuna cewa masu siffar da babu irinta su ne suka fi fuskantar ɓacewa. Yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Da wannan a gabanmu zan bar yaranmu su ƙara da nasu harbin?

Saboda haka tafiyar fadamun Hadejia-Nguru tana nan, yanzu da baƙin tsuntsaye suka sauka. Takardar izini ta iso ranar Alhamis da sa hannun uba ko mai riƙo. Mun san rubutun yaranku, kada a gwada mu.

Masu ragowar kuɗin makaranta sun san kansu. Rigar sanyi mai launin makaranta kawai. Taron iyaye da malamai ranar Asabar, ƙarfe 10 na safe, kuma bana a kan lokaci za mu fara.

Wassalam,
Shugaban Makaranta