Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhaji Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayenmu mata masu sana'ar POS, da sauran 'yan uwa masu shagunan intanet da buga takardu daga Rigachikun, Maraban Jos, Birnin Yero, Jaji da Kujama. Ga rahoton shekara kamar yadda tsarin mulkinmu ya tanada. Ya makara, domin sai da aka jira Malam Ma'aji ya rufe littafi, shi kuma yana jiran mutanen da suka ce masa "gobe zan turo" tun kafin saukar damina.

An yi tarukan wata-wata, ban da na Maris da ya faɗo cikin azumi. Fuskokin da ke zuwa su ne dai waɗanda kuka sani.

Maganar kuɗin wata za ta zo tun da wuri, don yawancin abin da bai kammala ba a ƙasa daga nan ya samo asali. Waɗanda suka biya na shekara cikakke ba su kai rabin sunayen da ke cikin rajista ba. Wasu sun biya na wata uku suka ɓace. Akwai kuma waɗanda ba mu ji ɗuriyarsu ba sai ranar da jar fitila ta kama a akwatinsu na intanet, a ranar ne suke tuna lambar sakatare, har da kira bayan sallar isha'i. An gyara musu, an ci moriyar ganga, an yada kwaurenta. Kwamitin zartarwa ba albashi yake karɓa ba, kuma man babur ɗin da ake bi shago-shago da shi neman kuɗin wata daga aljihun masu binsa yake fita.

Abin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne taron gwajin data da aka yi a ɗakin taro na makarantar firamare, Asabar ta ƙarshe kafin azumi. Lokacin ya dace, domin a watan Janairu ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, kuma kowa na neman inda zai sami sauƙi. Nan ne tallan "data mara iyaka" ya cika kasuwanni da shafukan Facebook. Ɗaki ya cika har waje, wakilin hakimi ya zo, masu unguwanni suka zo, kuma matan POS sun fi maza yawa a layin gaba, abin da ba mu taɓa gani ba.

Kwamitin fasaha bai tsaya dogon jawabi ba. An kawo layuka biyu na kamfani ɗaya, tsari ɗaya, kuɗi ɗaya, akwatin wifi iri ɗaya. Na farko sabon biya ne, na biyu kuwa na wani shago ne da ya ci data sosai a cikin watan. An jona kwamfuta da wayar LAN kai tsaye don kada a ce wifi ne ya rage gudu, aka haska allonta a bango da majigi, aka sa kowane layi ya sauke fayil ɗaya mai nauyin 1 GB. Layin farko ya gama kafin a gama raba ruwa. Na biyu, da aka tashi sallar azahar aka dawo, bai kai rabi ba. Sai a lokacin aka buɗe shafin sharuɗɗan kamfanin aka ƙara girman rubutun da ke can ƙasa, inda aka rubuta cewa idan an kai wani adadi na data za a rage gudu har ƙarshen wata. Wannan sharaɗin ne suke kira FUP. Layin ba ya yankewa, shi ya sa suke cewa ba su yi ƙarya ba, amma ga mai shagon da ke cike wa ɗalibai fom ɗin NECO da ɗora hotuna, layin da aka shaƙe da wanda aka yanke duk ɗaya ne: kwastoma ya tafi shagon gaba.

Lissafin da aka rubuta a allo ranar, tunda da yawa sun nemi a maimaita shi, ga shi. Gudun da ake talla da shi da Mbps ake auna shi, nauyin fayil kuma da MB, sai a raba na farko gida takwas a sami na biyu. Layi mai 10 Mbps yana sauke 1.25 MB a daƙiƙa, wato 1 GB cikin minti 13 da 'yan kai. Idan aka shaƙe shi ya koma 512 kbps, wato kusan rabin 1 Mbps, wannan 1 GB ɗin zai ɗauki awa huɗu da minti ashirin. A 256 kbps kuwa ya haura awa takwas. Ta ɓangaren ci kuma, bidiyo mai tsabtar hoto na iya lashe har 3 GB a awa ɗaya, sabunta Windows a kan kwamfutoci biyar na iya cin abin da ya fi haka a dare ɗaya ba tare da mai shago ya sani ba, ga kuma yaran unguwa da aka ba lambar sirrin wifi don kunya. Shago mai aiki zai iya kai iyakar kafin wata ya raba. Saboda haka kafin a biya, a tambayi abu uku a rubuce: adadin GB nawa ne kafin a rage gudu, zuwa nawa za a rage shi, kuma ana lissafin ne a rana ko a wata. Wakilin da ya ce "babu iyaka ko kaɗan, Alhaji" a ce masa ya rubuta haka a kan rasit ya sa hannu.

Rabin taron na biyu ya tafi ne kan yadda za a gane faiba ta gaskiya, wato wayar intanet mai zaren gilashi da ke aiki da haske, domin wasu na sayar da layin rediyo da sunan faiba. Idan an kafa maka ƙaramin faranti a kan dogon ƙarfe yana kallon hasumiya, faibar a hasumiyar ta tsaya, abin da ya iso gidanka iska ce, kuma ruwan sama mai ƙarfi ko bishiyar da ta yi tsawo za su taɓa shi. Faiba ta gaskiya siririyar waya ce ke shigowa har ɗaki, bakinta yawanci kore ne mai kusurwa huɗu, ta shiga akwatin da ake kira ONT. A jikin akwatin akwai fitilar PON, wadda ya kamata ta tsaya kore cak, da fitilar LOS, wadda in ta yi ja to haske ba ya isowa: ko an yanke waya a hanya, ko an lanƙwasa ta fiye da kima, ko ƙura ta hau bakin. An zagaya da guntun zaren hannu-hannu, kowa ya ga bai fi gashin kai kauri ba sosai, aka kuma gargaɗi mutane kada su leƙa bakin wayar da ido, domin hasken da ke ciki ba a ganinsa amma yana iya cutar da ido. Wata Hajiya daga Maraban Jos ta tambayi dalilin da ya sa faibar ma ke yin sanyi da dare. Amsar ita ce rabo. A tsarin raba faiba ga gidaje da ake kira GPON, kowane baki guda na na'urar kamfani yana ba da kusan 2.5 Gbps, ana kuma raba shi ga gidaje 32 ko 64. Ko an raba gida 64 kowa zai sami kusan 39 Mbps, wanda ya isa. Matsalar ta fi zuwa daga sama, idan kamfani ya sayi ƙaramin layi daga babban dillali ya ɗora masa garuruwa da yawa. Shi ya sa gwajin da wakili zai yi maka da hantsi ba ya nuna komai. A gwada tsakanin ƙarfe takwas da goma na dare. Muna godiya ga shugaban makarantar da ya ba mu ɗaki kyauta, da ɗan uwan da ya kawo janareta da mansa, da matan da suka ɗauki nauyin abinci. Allah ya saka da alheri.

Sai aikin ja da faiba daga babban titi zuwa cikin kasuwa, wanda aka yi alkawarin gamawa a bana kuma bai gamu ba. Mun ji maganganun da ake yi a bakin shaguna, har da masu cewa an ci kuɗi. Littafin ma'aji a buɗe yake ga duk mai son dubawa, amma a fara jin yadda abin ya gudana.

Da yawa sun ɗauka tunda gwamnatin Jihar Kaduna ta yafe kuɗin izinin haƙa hanya ga kamfanonin sadarwa tun 2020, a lokacin da ake ta fama da jihohi su tsaya a kan Naira 145 kowace mita, to haƙa ta zama kyauta. Abin da aka yafe kuɗin gwamnati ne. Bai biya leburori ba, bai sayi bututu ba, kuma bai hana mai gona cewa ba za a ratsa masa masara ba sai an biya shi diyya. Tattaunawa da masu gonaki biyu kaɗai ta cinye mana rani, da aka daidaita kuma ruwa ya sauka, ramin da aka haƙa yau gobe ya cika da laka.

Yarjejeniyarmu da kamfanin da zai kawo faibar ita ce mu ɗauki nauyin rami da bututu, su kawo waya da haɗi. Yadda ya kamata a yi shi ne rami mai zurfin mita ɗaya zuwa 1.2, a shimfiɗa yashi, a kwantar da bututun roba na HDPE mai faɗin milimita 40, a rufe rabi, a shimfiɗa kaset ɗin gargaɗi, wato doguwar leda mai launi, sannan a ƙarasa rufewa, tare da ramin dubawa mai murfin siminti a kowace kwana da kowane wurin haɗi. Da kuɗi ya gaza, a wani sashe leburori suka tsaya a zurfin da bai kai gwiwa ba, ba kaset. Katafilar masu gyaran magudanar ruwa ta zo ta tsinke shi a nan ɗin. Masu cewa a ƙulla kawai kamar wayar lantarki, ba haka ake yi ba. Sai an kawo na'urar OTDR ta nuna mita nawa ne zuwa wurin da ya tsinke, a haƙo, a fere kowane zare, a goge da sinadari, a yanke shi daidai, a narka bakunan biyu da injin haɗi, kowane haɗi kada asarar haskensa ta wuce 0.1 dB. Waya mai zare 12 haɗi 24 ke nan idan an sa sabon guntu a tsakiya. Ba mu da wannan injin, sai an ɗauko mai shi daga cikin garin Kaduna, kuma ba ya tasowa sai an biya rabi. Bayan an gyara, akwatin haɗin da ba a ɗaure robarsa da kyau ba ya sha ruwa a watan Agusta, ƙarfin haske ya sauka ƙasa da -27 dBm a ma'auni, wanda shi ne iyakar abin da yawancin akwatunan ONT ke iya karantawa. Aka sake buɗewa.

An kawo shawarar a bi ta saman falwaya don ya fi araha. Kwamiti bai amince ba a wannan hanyar, saboda ƙonar daji da kaka, da manyan motocin itace da ke jan duk wayar da ta yi ƙasa, da ɓarayin da ke yanka ta suna zaton akwai tagulla a ciki, alhali gilashi ne da ba ya da kasuwa a wurin 'yan gwangwan. Tun 2024 an sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, kuma mun roƙi masu unguwanni su sanar da haka a masallatai da coci-coci.

Masu cewa mu jira gwamnati: shirin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin 10 Mbps a karkara da 25 Mbps a birane, wa'adinsa ya cika, kowa ya auna layinsa ya gani. Shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba da gwamnatin tarayya ta amince da shi a 2024 abin maraba ne, amma babbar waya ce ta tsakanin garuruwa, kuma ko ta bi ta bakin titinmu, guntun da zai shiga kasuwa sai an sami mai haƙa shi. Wasu 'yan uwa sun koma Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, ba mu hana kowa ba, sai dai kuɗin kayansa da na wata sun fi ƙarfin ƙaramin shago in ba haɗa kai aka yi ba.

Koken haɗin gwiwa kan tallan yaudara shi ma bai tafi ba, kuma wannan ba laifin kuɗi ba ne. Bayan taron an roƙi kowa ya kawo hoton tallan da ya gani, rasit, hoton gwajin gudu na safe da na dare har kwana bakwai da kwanan wata a jiki, da lambar koken da kamfani ya ba shi. Ƙa'ida ce a fara kai kuka ga kamfani a karɓi wannan lambar, in ba su warware ba sannan a kira NCC a 622, kyauta ne. Akwai kuma hukumar kare masu sayayya ta FCCPC, da ARCON mai sa ido kan tallace-tallace. Duk cikinsu babu wadda za ta yi aiki da "wallahi layin ba ya ja". Waɗanda suka kawo takardu cikakku ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali masu ƙorafi a zauren WhatsApp ba su ƙirguwa.

Batun sola da batir na akwatunan wifi an ɗage shi zuwa baɗi. Ziyarar 'yan uwa na Giwa ba ta yiwu ba saboda yanayin hanya.

Kwamiti ya yanke cewa daga Janairu, duk wanda ake bin sa bashin wata uku ba za a tura masa mai gyara da sunan ƙungiya ba, kuma ba za a sa shagonsa cikin jerin waɗanda za a fara jona wa faiba ba. Sashen da aka haƙa sama-sama za a sake haƙa shi kafin watan Afrilu, tun ƙasa na bushe, kuma ana buƙatar mutum biyu daga kowane gari da za su tsaya kan leburori da sandar awo mai tsawon mita ɗaya. Taro na gaba Asabar ta biyu ga wata ne bayan la'asar, a inda aka saba. A zo da katin biya, masu takardun koke kuma su zo da su a buge, ba a cikin waya ba.

Wassalam.
Sakatare, a madadin Kwamitin Zartarwa