Kada a sayi koyil kafin a gwada shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in ja hankalin masu motoci da makanikai kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare tun da na'urar gwajin mota ta yawaita a garejojinmu.

Kwanakin baya Corolla ɗina ta fara karkarwa duk lokacin da na tsaya a danja, ƙarfinta ya ragu, fitilar injin kuma ta kama ƙiftawa. Bakanike ya jona na'urarsa a ƙasan sitiyari, ta nuna lambar matsala P0352, nan take ya ce a sayo sababbin koyil guda huɗu, wato abin da ke ba fulogin kowace silinda wuta. Alhali lambar nan silinda ta biyu kaɗai ta ambata, kuma ba ta ce koyil ya mutu ba. Abin da take nufi shi ne akwai matsala a hanyar wutarsa, wadda ta haɗa da koyil ɗin kansa, da soket, da wayoyi, har zuwa ƙwaƙwalwar motar da ke ba shi umarni.

Wani dattijon mai wayarin ne ya raba gardama, ba tare da an sayi ko ƙusa ba. Ya musanya koyil na biyu da na uku, ya goge lambar, ya tayar da mota. Da koyil ne ya lalace, da lambar ta bi shi ta koma P0353, wato ta silinda ta uku, amma sai ta dawo inda take. Da ya zare soket, sai ga waya ɗaya ta tsinke a cikin robarta.

Ko da an tabbatar koyil ya ƙone, ya kamata a binciki abin da ya kashe shi, domin aikinsa shi ne ɗaga wutar batir daga bolt 12 zuwa dubbai, kuma tsohon fulogi mai faɗin baki ko baƙin mai da ya yoyo cikin ramin fulogi kan wahalar da shi har ya gaza. Idan ba a gyara wannan ba, sabon ma ba zai yi ƙarko ba.

Masu motoci kuma, idan fitilar tana ƙiftawa, a daina jan motar, domin fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa salansa ya lalata matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, kuɗinta kuwa ya ninka na koyil sau da yawa.

Na gode.

Wani mai karatu,
daga Kano