Ganyen nan da ka aiko min ya kama

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jamus, ya karatu, ya haƙuri da kewar gida? Mu nan Jos lafiya lau, damina ta zauna sosai, yau kwana uku kenan ba mu ga rana da kyau ba. Hajiya na gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni ko kana samun tuwo a can.

Albishirinka. Irin nan da ka ba da aka kawo min bara, wanda ka ce Jamusawa na kira Waldmeister, ya fito, kuma wallahi ya kama ƙasa. Shukar farko dai asara na yi, na zuba rabi a kwali na ajiye a rana kamar yadda nake wa latas da kabeji, wata biyu shiru ko tsiro ɗaya babu. Sai da na zauna na yi karatu a kansa na gane cewa shi irin ba ya farkawa sai ya sha sanyi mai tsanani tukuna, irin na hunturun Turai, kuma sanyinmu na Disamba da muke ta kuka da shi bai kai ba. Toh sai na cakuɗa sauran da yashi mai ɗan danshi na ƙulle a leda na tura can ƙasan firij wajen sati takwas, ana ɗauke wuta ana kawowa, ni dai addu'a kawai nake. Da na shuka, guda bakwai suka fito, biyu zafin Maris ya ƙone su, biyar suna nan.

Inda ya fi so shi ne gindin fiyar nan ta bayan ɗakin Hajiya, inda inuwa ba ta barin wajen kuma ruɓaɓɓen ganye ya taru ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi. Ai dama a can ma ɗan kurmi ne, ƙarƙashin manyan itatuwa yake rayuwa, shi da rana ba sa ga maciji. Ruwa yana so kullum amma ban da kwanciyar ruwa, shi ya sa da ruwan Agusta ya matsa na yanka masa 'yar kwata. Yanzu har ya fara yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, sai ka ga sabon kai ya ɓullo taƙi guda daga uwar, ka ga kenan nan gaba raba saiwa zan riƙa yi, na huta da wahalar iri.

Kai ka taɓa tsugunawa ka kalle shi da kyau kuwa? Tsawonsa bai wuce santimita 20 zuwa 30 ba, karan siriri ne mai kusurwa huɗu, in ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji gefunan. Ganyen kuma zagaye karan suke yi, shida zuwa takwas a kowace gaɓa, kamar sifok ɗin keke, hawa-hawa har sama. Shi kansa irin da ka aiko ƙananan ƙugiyoyi ne a jikinsa, yana maƙale wa riga kamar ƙarangiya, haka dabbobin daji ke yawo da shi a gashinsu. Sunansa na kimiyya Galium odoratum, kuma abin da ya burge ni, danginsu ɗaya da kofi, da gauɗe da tafashiya da giyayya namu na nan.

Amma maganar da ta sa na ɗauko waya nake rubuto maka ita ce ƙamshin. Da na fara tsinkar ganyen na shinshina ban ji komai ba, raina ya ɗan sosu, na ce duk wannan wahalar a kan ciyawa? Na jefa shi aljihu na manta. Washegari da zan sa rigar sai wani ƙamshi ya buso, sanyi-sanyi, kamar sabuwar harawa da aka shanya an ɗan ɗiga mata banila. Ashe sai ya yi yaushi sinadarin da ke ciki, kumarin, yake fita. Hajiya ta karɓa ta daɗe tana shinshinawa ba ta ce uffan ba, can ta ce ya tuna mata rumbun babanta lokacin kaka. Ta ninke shi a hankici ta sa a akwatin zannuwanta, alhali ba wanda ya gaya mata mutanen Turai ma tun da can haka suke yi saboda ƙamshi da korar asu.

Ta so ta jefa a shayi na hana, don kumarin in ya yi yawa yana sa ciwon kai, yana iya taɓa hanta ma. Kai ma don Allah ka yi hankali, kuma ka riƙa tambaya kafin ka sha, tunda abin shan da suke yi da shi a watan Mayu da giya ake haɗawa.

Fure ne har yanzu bai yi ba. A can Afrilu zuwa Mayu yake fitar da 'yan farare masu kunne huɗu, ina tsoron rashin hunturu na gaske ya hana shi a nan, amma zan jira shekara ta zagayo. In lokacin ya yi ka shiga dajin nan na kusa da ku ka ɗauko min hoto, a kusa sosai, har da ƙasar gindinsa nake son gani.

Ka gaida mutanen gidan da kake. Allah ya ba da sa'ar jarabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka,
daga Jos