Wasiƙa daga Riyad: ka fita bayan magariba

Assalamu alaikum, mutumina.

Ina fata kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Hotunan gadar da ka ɗauka da dare sun iso. Ka ce fitilun sun fito fari fat, sauran wurin kuma baƙi ƙirin, har kana tunanin sayar da kyamarar. Don Allah kar ka sayar. Ba laifinta ba ne, lokacin da kake fita ne.

Ni ma haka na sha fama. Tun 2019 da aka fara bikin Mausim Riyad, da sanyi ya shigo sai gari ya ɗau ado, musamman wajen filin shaƙatawa na Boulevard. Ga kuma Noor Riyadh da aka fara a 2021, inda ake zane da haske a jikin gine-gine. Sai in bari a yi isha'i in fita, in dawo da hotuna irin naka. Wani dattijo Bahaushe haifaffen Makka da muke aiki tare ne ya ce in daina jiran dare ya yi.

A Disamba rana na faɗuwa a nan wajen ƙarfe 5. Nakan yi magariba a masallacin da ya fi kusa da inda zan tsaya, ina sallamewa in fito. Akwai minti 20 zuwa 30 da sama take zama shuɗiya kamar an tsamo ta daga marinar Ƙofar Mata. An kunna fitilu, sama kuma da sauran haskenta, sai ƙarfinsu ya zo ɗaya, kyamara ta iya riƙe duka biyun. A lokacin ne na ɗauki hasumiyar Kingdom Centre da na turo maka, wadda ka ce kamar a kalanda. Da na ƙara rabin awa, da hasken samanta kaɗai za ka gani yana lilo cikin duhu.

Sai maganar rawar hannu. Ka nemi sandar kyamara mai ƙafa uku, in babu ka ɗora ta a kan katanga. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya tsaya a 100 ko 200, ƙofar haske a f/11, ka bar ta a buɗe daƙiƙa 4 zuwa 8. Kowace fitila za ta fito da tsinkaye kamar tauraro, motocin titin Sarki Fahad kuwa sukan koma zare ja da fari. Ka sa ta jira daƙiƙa 2 bayan ka danna, don yatsanka ma girgiza ta yake yi. Filasha a kashe. In da waya ce, taɓa fitilar da ta fi haske a allo, ka rage hasken har launinta ya dawo.

Abin da ya daɗe yana ba ni haushi shi ne layi-layin baƙi a hoton fitilun LED. Ashe ƙiftawa suke yi daidai da bugun wutar lantarki, ido ne ba ya gani. Wutar Saudiyya na bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu ta gida 50. Kar saurin ɗaukarka ya wuce 1/50 na daƙiƙa, layukan za su ɓace.

Sanyin Riyad na shanye batir, don haka na biyun yana aljihun rigar sanyina. Ina kuma kau da kyamara daga iyalai da mata, don a nan ɗaukar mutum ba izininsa na iya kai ka gaban hukuma, kuma ko babu doka bai dace ba.

Hazon da kake kuka da shi kuwa, ni kewarsa nake. Yakan yi wa kowace fitila rawani. Ka dai goge gilashin kafin ka fara. Ranar Juma'a ka koma gadar nan bayan magariba, ka turo min abin da ya fito.

Ka gaida su Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Riyad